Zafin baƙin mai a injin Bitil da Kombi: agogo, kula ko gyaran kwanuka, wanne za ka fara kashe wa kuɗi?

Duk mai riƙe da tsohuwar Volkswagen a Bauchi, Bitil ce ko Kombi ko Igala, ya san daga Maris zuwa Mayu hankali ba ya kwanciya. Zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40, motar kuma ba ta da lagireto, ba ta da allurar zafi a gaban direba. Fitilu biyu kawai kamfani ya sa maka, ta caji da ta baƙin mai. Ita ta man ma ba zafi take aunawa ba, ƙarfin bugun mai take kallo, kuma ba ta kamawa sai bugun ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Kafin ta kama a kan gudu, ɓarna ta riga ta fara.

Shi ya sa shawara ta yi yawa. Wannan ya ce ka ɗaura agogon zafi, wancan ya ce ka ƙara kular mai, wato na'urar sanyaya baƙin mai, a waje, wani ya ce mai mai kauri ne magani, wani ya ce a ɗage murfin baya iska ta shiga. Aljihu ba zai ɗauki duka a lokaci guda ba, kuma wasu daga cikin shawarwarin ƙara matsalar suke yi. Motocin nan ba yara ba ne. A 1975 aka fara harhaɗa Bitil a Legas, ta ƙarshe a duniya kuma ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. Kowane injin da ke yawo a garin nan ya bi ta hannun kanikawa da yawa, kowa ya cire abin da ya ga kamar ba shi da amfani.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka zaɓa

Fanka ɗaya ce a cikin gidanta na kwano, a bayan dainamo, kuma fanbel ɗin da ke juya dainamon shi ke juya ta. Tana zuƙo iska daga ɗakin inji, kwanukan da suka lulluɓe injin su bi da iskar ta kan silinda huɗu da tof biyu, wato murafan da ke rufe kan silinda, ta fita ta ƙasa. A kan hanyar iskar akwai 'yar ƙaramar kular mai. Man gaba ɗaya lita 2.5 ne. Babu filta, sai rariya a ƙasan inji. Wannan ɗan man shi ke shafe metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, shi ne kuma ke kwashe zafin fistin da na karanshaf.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: iska ce ke sanyaya tof, mai kuma yana sanyaya ƙasan inji ne. Ana iya samun mai da sanyinsa alhali tof na ƙonewa. Duk wani zaɓi da zai saukar da zafin mai kaɗai ya bar tof yadda yake, bai warkar da komai ba.

Lambobin da masu wannan inji suka saba aiki da su, a ma'aunin Selsiyos, ga su. Mai tsakanin digiri 80 da 105 lafiya lau ne. Daga 105 zuwa 115 ka sassauta ƙafa. Idan ya doshi 120 ka nemi inuwa ka tsaya, domin a nan man ya tsinke, bugunsa ya faɗi, yana kuma saurin ƙonewa. Sanyi da yawa ma ba alheri ba ne: man da ba ya kai 80 ba ya korar raɓa da tururin fetur da ke taruwa a cikinsa, shi ne farin kumfan nan da ake gani a ƙarƙashin murfin zuba mai lokacin hunturu, musamman a motar da ba ta wuce kai yara makaranta ta dawo. Shi kuwa tof, idan aka auna a ƙarƙashin fulogi, digiri 150 zuwa 190 ne aikinsa. Ya daɗe sama da 200, bawul ɗin salansa da mazauninsa ne za su fara biya, sannan dogayen kusoshin da ke riƙe tof su soma zarewa daga jikin injin, wanda aka yi da gaurayen maganiziyam mai laushi.

Da abubuwa biyar zan auna kowane zaɓi. Na farko, yana yin aikin da ake cewa yana yi? Na biyu kuɗi, kuma da dala zan kwatanta tunda kusan duk kayan daga waje suke zuwa, farashin naira kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na uku juriya a ƙurar hunturu, ramuka da tudun rage gudu. Na huɗu, bakaniken unguwa zai iya ɗaurawa ya kuma gyara? Na biyar, wanda aka fi mantawa: ranar da abin ya lalace a tsakiyar hanya, me zai jawo wa injin?

Kashi na farko: da me za ka auna?

*Hannu a kan sandar awon mai.* Tsohuwar dabara ce: bayan tafiya ka zaro sandar, in ba ka iya riƙe ta ba, mai ya yi zafi. Kyauta ce, ba ta lalacewa, kuma ta ceci injuna da dama. Sai dai tafin hannun bakanike da na ma'aikacin ofis ba ɗaya ba ne, kuma ba za ta bambanta maka 105 da 120 ba, alhali a tsakanin nan maganar take. Ka riƙe ta a matsayin al'ada, kada ka ɗauke ta ma'auni.

*Bindigar awon zafi.* Ita ce wadda aka saba gani a ƙofar asibiti, amma irin ta masu aikin inji, mai kai ɗaruruwan digiri. Ta jikin mutum ba za ta yi ba. Ba ta kai dala 30 ba, babu waya, babu ɗauri, ba ta taɓa injin balle ta ɓata shi. Amfaninta mafi girma kwatantawa ne: ka harba a bakin salansar kowace silinda, ka ga wadda ta fi 'yan uwanta zafi, ko ka gwada ɓangaren hagu da na dama. Rauninta biyu. Fatar ƙarfe take karantawa, saboda haka ƙasan inji zai nuna ƙasa da ainihin zafin man da ke ciki, ƙarfe mai ƙyalli kuma yana ruɗa ta. Sannan sai ka tsaya ka fito kafin ka auna, zafin da ya kai maƙura a kan hawa kuwa ya fara sauka kafin ka buɗe murfi. Ka riƙa harbi a wuri ɗaya kullum, ka rubuta a takarda.

*Sandar awo mai kunna fitila.* Shagon Gene Berg na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya shahara da ita. Sanda ce da ke maye gurbin ta asali, da waya ɗaya da ake haɗawa da ta fitilar mai. In man ya doshi digiri 105 zuwa 110 fitilar ta fara ƙyaftawa, in ya wuce ta tsaya a kunne. Minti kaɗan ake ɗaura ta, ba a huda dashbod, kuma direban da ba ya kallon allura dole ya ga fitila. Matsalarta, fitila ɗaya ce yanzu ke ba da labari biyu. In ta kama, ba ka san zafi ne ko bugun mai ne ya faɗi ba sai ka tsaya ka duba. Samun ta a nan kuma sai an yi oda.

*Agogon zafin mai na lantarki.* Wannan shi ne zaɓin da zan fi tsayawa a kai, don shi mutane suka fi saye, shi ne kuma aka fi ɗaurawa ba daidai ba. Agogo ne mai allura, galibi daga 50 zuwa 150, da sensa da ke shiga jikin inji. Na kamfanin VDO ne aka fi sani. Kuɗin agogo da sensa yana tsakanin dala 50 da 100, na China ya fi haka araha. Dole agogon da sensar su zama 'yan gida ɗaya. In aka haɗa sensar wani kamfani da agogon wani, allura za ta motsa amma ƙarya za ta faɗa.

Inda aka sa sensar shi ne rabin maganar. In aka sa ta a farantin ƙasa inda ake tsiyaye mai, tana cikin mai sosai, amma iskar hanya na busa ta, takan nuna ƙasa da gaskiya, ga shi dutse ko tudun rage gudu na iya tsinke wayar. In ta ramin sandar awo ce, karatun ya fi kusa da gaskiya, sai dai kullum ka zo duba mai sai ka yi fama da waya. In a murfin bawul ɗin rage bugun mai ne a ƙasan inji, tana da kariya, amma zafin jikin inji na gauraya da na mai, kuma tana jinkirin nunawa. Wurin da ba na so ko kaɗan shi ne a yi mahaɗa mai baki biyu a ramin makunnin fitilar mai a cusa ta a nan. Mai ba ya gudana a wannan lungu, abin da za ka karanta ba zafin man da ke zagaya inji ba ne.

Abu biyu ƙanana da ke ɓata aikin. Sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun at, wato haɗuwa da ƙarfen jikin mota, saboda haka in mai wayarin ya naɗe zaren da farin tef irin na masu famfo, karatu ya lalace. Na biyu, agogunan nan na batir mai volt 12 ne, Bitil ɗin kafin 1967 kuwa galibi mai 6 ce in ba a sauya ba.

Kafin a ɗaura, ka gwada ta a gida. Tafasa ruwa a tukunya, haɗa wayoyin da batir, ɗaura wayar at a jikin sensar, ka tsoma bakinta a ruwan. Bauchi na kan tudu kusan mita 600, ruwa a nan yana tafasa wajen digiri 98. In allura ta tsaya kusa da nan, agogon na da gaskiya. In ta nuna 90, ka san daga yau duk abin da ta faɗa sai ka ƙara takwas. Gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne bambancin agogon aiki da na ado.

*Agogon zafin tof.* Wani siririn zobe ne da ake sawa a ƙarƙashin fulogi, galibi na silinda ta uku, wadda ke hagu ta wajen gaban mota. Zafin mai yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya daidaita, na tof kuwa cikin daƙiƙu yake hawa da sauka. Kana taka hawa allura na tashi, kana sauya giya tana sauka. Babu abin da ke koya wa direba tuƙin wannan inji kamarsa. Ya fi na mai tsada kaɗan, zoben na lanƙwashewa in ana yawan cire fulogi, kuma masu arha na da wani aibi da ya shafe mu kai tsaye: suna auna bambancin zafin fulogi da na inda wayar ta ƙare ne, don haka ranar da gari ya fi zafi, ranar suke nuna ƙasa da gaskiya. Ka nemi mai gyara wannan bambanci da kansa, galibi masu nuna lambobi ne.

| Ma'auni | Kuɗi | Gaskiyar karatu | Juriya | Ɗaurawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Hannu a sandar awo | Babu | Ƙiyasi | Har abada | Babu | Ƙuna a yatsa |
| Bindigar awo | Kaɗan | Mai kyau wajen kwatantawa | Sai an kiyaye ta | Babu | Babu |
| Sanda mai fitila | Matsakaici | Gargaɗi kawai | Mai kyau | Mai sauƙi | Ruɗani da fitilar mai |
| Agogon mai | Matsakaici | Ya danganta da wurin sensa | Waya ce rauninsa | Sai mai wayarin | Yoyo in ba a ɗaure ba |
| Agogon tof | Sama da matsakaici | Mafi saurin nunawa | Zoben na lalacewa | Sai mai wayarin | Kaɗan |

Kashi na biyu: da me za ka rage zafin?

*Mayar da abin da kamfani ya sa.* Ra'ayina a fili yake: yawancin injunan da ke zafi a garin nan ba ƙarin kaya suke buƙata ba, abin da aka cire musu suke nema. Buɗe murfin baya ka leƙa. In kana hango ƙasa ta gefen inji, robar da ke zagaye da shi ta mutu ko an jefar, kuma fanka na zuƙo iskar salansa mai zafi tana mayarwa kan silinda. Duba wayoyin fulogi, kowace tana da 'yar roba mai toshe ramin kwano. Huɗun nan in babu su, iska na tsiyayewa kafin ta isa tof. Duba bakunan nan biyu na gidan fanka da ke kai iska ga hita. Mu nan ba ma amfani da hita, sai a cire tiyon a bar bakin a buɗe, iska na fita a banza. A toshe su.

Sannan ka kashe mota, ka zare makulli, ka zura hannu bayan gidan fanka ka shafa bakinta. Ledar fiya wata ɗaya da ta maƙale a nan ta isa ta dafa inji. In an sauke injin kuwa, ka tsaya a kai lokacin da za a ɗaga kwanukan. Abin da aka saba tararwa shi ne yoyon mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama baƙin taɓo, ya cike tsakanin haƙarƙarin silinda har ya bushe, sai an sa waya da kananzir ana ƙwaƙulowa. Kular man ma haka za ka same ta, a toshe. A ƙarƙashin kowace silinda biyu akwai wani ɗan kwano da ke tilasta wa iska ta zagaye su. Shi yara suka fi mantawa da shi a ƙasan garejin. Ba rashin kunya ba ne ka ce wa bakanikenka, "Maigida, don Allah a nuna min ƙananan kwanukan ƙasa kafin a rufe." Mai sanin aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Da wannan ake haɗa saiti. Tazarar bawul a kan milimita 0.15, inji na sanyi. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama a mazauninsa ya sauke zafi. Taimin kada ya wuce digiri 28 zuwa 32 in an taka wuta sosai, don wanda aka tura gaba da yawa yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci yana ƙona fistin. Kafireton da aka matse don tsimin fetur, ko roba mai shan iska a bututun shiga, duka zafi suke haifarwa. Fanbel ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi in ka danna da babban yatsa, kuma ƙaramin fulin da ake sawa wai don ƙarin gudu rage wa fanka juyi yake yi. Wasu kan cire fukafukan da ke cikin gidan fanka, wato 'yan ƙofofin iska, tare da tamostat ɗin da ke buɗe su in inji ya ɗumama, da sunan ƙasarmu zafi gare ta. Ko an cire tamostat ɗin, a bar fukafukan a ɗaure su a buɗe, domin su ke nuna wa iska hanyar tof.

Kuɗin wannan duka bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da sauke inji. Wahalarsa neman kwanukan asali ne, sai an bi 'yan gwangwan da masu tsofaffin kaya irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tsohon kwano na asali mai tsatsa ya fi sabo mai ƙyalli da ba ya zama daidai. Haɗari babu.

*Sauya gidan fanka zuwa na 1971.* A tsohon tsari kular mai na tsaye ne a cikin gidan fanka, iskar da ta ɗumama a jikinta ita ke sauka kan silinda ta uku da ta huɗu, shi ya sa ta ukun ta yi suna wajen ƙona bawul. Daga motocin 1971 kamfani ya fitar da kular zuwa wani ɗan ɗaki a bayan gidan, ya faɗaɗa fanka, iskar kular kuma ta fice waje. Kada ka dogara da shekarar motarka, an sha sauya injuna; shafa bayan gidan ta hagu, in ka ji akwati ya turo, kana da sabon tsarin. In babu, sauyawar na buƙatar gidan, faffaɗar fankar, kular da mazauninta, da kwanukan fitar da iska, kuma sai an sauke inji. Tsofaffin injuna ramin mansu milimita 8 ne, sababbi 10, akwai robobi na musamman masu haɗa biyun, in aka sa ba su ba mai zai yi ta zuba. Kuɗi matsakaici, juriya irin ta kamfani, babu tiyo ko ɗaya a waje. Wannan ne kaɗai ƙarin da ke taimakon mai da tof a lokaci guda. Faffaɗar fanka na son iska da yawa, don haka murfin baya mai tagogi, irin na motocin shekarun 1970, ya fi dacewa da ita.

*Irin man da kake zubawa.* A zafinmu SAE 40 ko 20W-50 aka saba, kuma sun dace da injin da ya sha aiki. Amma kauri ba sanyi ba ne. Injin na da bawul da ke kaucar da mai daga kula in bugu ya yi yawa, don a ɗaukarsa man bai yi zafi ba tukuna. Mai mai kauri fiye da kima, ko wanda aka ƙara wa maganin kauri, ko sifirin ɗin wannan bawul da aka ƙara wa ƙarfi, na iya sa man ya riƙa tsallake kular alhali yana buƙatarta. Ƙa'idar da aka saba ita ce bugun fam 10 (psi) a kan kowane juyi 1,000 na inji a minti ɗaya in ya yi zafi. Abin da ya wuce haka da nisa ba riba ba ne. Man sintetik ya fi jure zafi, amma ba ya rage shi, kuma tunda babu filta dole dai a juye. Littafin kamfani kilomita 5,000 ya ce. A ƙurarmu gara ka rage. Man kwalba na bakin titi da ba ka san asalinsa ba, kada ka kusance shi da wannan inji.

*Ƙarin kwanon mai a ƙasa.* Ana ɗaura shi a gurbin farantin ƙasa, ya ƙara kusan lita ɗaya da rabi, a kan dala 100 ko kusa da haka. Kamar babbar tukunya ne a kan murhu: za ta jima ba ta tafasa ba, amma in wuta na ci za ta tafasa. A gajeruwar tafiya za ka ga bambanci, a doguwa kaɗan ne. Yana rage tazarar inji da ƙasa, kuma ranar da ya daki dutse man duka a titi zai kwana. Ga hanyoyinmu ban ga dalilinsa ba.

*Kular waje.* Ita ce mafi ƙarfi wajen saukar da zafin mai, ita ce kuma mafi tsada da haɗari. Cikakken aiki, wato kula, fankar lantarki, tamostat mai buɗewa wajen digiri 80, filta da tiyo masu jure zafi da bugu, ɗaruruwan daloli ne, kuma hanya mafi kyau sai an huda jikin inji an yi zare lokacin da yake a warwatse. Ribar da ke biyo ta ita ce samun filta ta gaske. Haɗarin kuwa tiyo ne: ɗaya ta fashe ko ta goga salansa, lita biyu da rabi ba ya jimawa. Kada a yi amfani da tiyon fetur ko na ruwa. Kada a cire kular asali don an sa ta waje. Kada kuma a rataye ta a bakin fanka kamar yadda wasu ke yi, domin zafin da ka cire daga mai shi za ka hura wa tof, an gudu gara an faɗa gidan zago. Babban abin tsoro shi ne ta ɓoye cuta: agogo ya nuna 90, mai mota ya saki jiki, alhali kwanuka babu, tof na ci da wuta.

*Ɗage murfin baya.* Kusan kyauta ne, kuma yana taimaka wa Bitil mai rufaffen murfi in ta sama aka ɗage. Farashinsa ƙura da ruwan damina a kan distiributa da kafireto. Mai murfi mai tagogi ba ya buƙatarsa.

| Mataki | Kuɗi | Zafin mai | Zafin tof | Juriya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwanuka, robobi, saiti | Kaɗan | Yana sauka | Yana sauka sosai | Shekaru | Babu |
| Gidan fanka na 1971 | Matsakaici | Yana sauka | Yana sauka | Irin ta kamfani | Yoyo in robobi ba daidai ba |
| Mai mai kyau | Kaɗan, a kai a kai | Ba ya sauyawa sosai | Babu tasiri | Zuwa juyi na gaba | Jabu, ko kauri da yawa |
| Ƙarin kwanon ƙasa | Matsakaici | Jinkiri kawai | Babu tasiri | Rauni a rami | Fashewa |
| Kular waje | Mai yawa | Yana sauka sosai | Babu tasiri | Gwargwadon tiyo | Zubewar mai gaba ɗaya |
| Ɗage murfi | Kusan babu | Kaɗan | Kaɗan | Mai kyau | Ƙura da ruwa |

Akwai kuma abin da ba a saye, wato ƙafar direba. Fanka da juyin inji take tafiya. Wanda ya hau tudu a giya ta huɗu, ya nutsa totur, inji na nishi, ya tara wuta mai yawa da iska kaɗan. Koma ta uku tun kafin motar ta roƙe ka. In zafi ya hau, tsaya ka bar injin yana aiki a hankali na minti biyu ko uku fanka ta kwashe zafin, sai dai in fitilar mai ce ta tsaya a kunne ko ta caji ta kama, wanda ke iya nufin fanbel ya tsinke. A nan kashewa ake nan take. Kuma kada ka bari kowa ya watsa wa injin ruwa, tof ɗin alminiyam ne, tsagewa zai yi.

Wanne ya dace da wa?

Mai Bitil ɗin gado da ba ta wuce cikin gari, daga gida zuwa Wunti ko Muda Lawal, ko fita ranar Juma'a da bikin sallah: gyara kwanuka da robobi, yi saiti, sayi bindigar awo. Ya isa. Cunkoso bai cika dafa man wannan inji ba in iskarsa na tafiya daidai. Abin da zai fi damunka shi ne man da ba ya ɗumama, don haka ka riƙa juye shi a kan lokaci ko da kilomita bai cika ba.

Mai zuwa Gombe ta Alkaleri, ko Kano ta Ningi, ko kai iyali Yankari da rana tsaka: doguwar miƙaƙƙiyar hanya a kan gudu ɗaya ita ke tara zafin mai. Bayan gyaran kwanuka, agogon mai da aka gwada a tafasasshen ruwa, sannan gidan fanka na 1971 in ba ka da shi. In mota na hannun direba ko ɗanka ne, sanda mai fitila ta fi allura amfani.

Mai yawan hawa Jos ta Toro: daga mita 600 za ka haura zuwa wajen 1,200, inji na ja, iska na ƙara sirancewa. Nan tof ne ke shan wuya kafin mai ya ankara, saboda haka in agogo ɗaya za ka iya saye, sayi na tof.

Mai Kombi da ke ɗaukar kaya ko fasinja, ko wanda aka faɗaɗa wa inji ya wuce cc 1600: kai ne kaɗai kular waje ta dace da kai, kuma bayan agogo ya nuna maka sama da 110 a kai a kai duk da kwanuka sun cika, saiti ya yi daidai. A sa ta inda iskar waje ke bugunta, nesa da salansa da bakin fanka, da tamostat, a bar ta asali a wurinta, ka kuma riƙa shafa tiyon duk ranar da ka duba mai.

Wanda fitilar mansa ke ƙyaftawa in ya tsaya bayan doguwar tafiya, ko da mai a cike kuma zafi bai wuce kima ba: ka sa a auna bugun man da agogon gwaji kafin ka sayi komai a jerin nan. In bugun ya faɗi, metal ne ya cinye, kuɗin kular ka tara su na sauke inji.